In Mota Ta Zama Ɗakin Kwana

A Turai akan mayar da motar bas ɗakin kwana, har da gado da murhu. Direban Damari da dare ya riska a hanyar Funtuwa shi ma yakan shimfiɗa tabarma cikin motarsa. Haɗarin na zuwa da hunturu, idan ya rufe tagogi ya hura gawayi. Garwashin da bai sami isasshiyar iska ba yana fitar da kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari. Tana kama himogulobin na jini fiye da oksijin sau 200. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri, mai barci kuwa ba ya jin su. Don haka a bar taga buɗe, garwashi kuma a waje.