Fitilun da ke ɗebe wa matafiya kewa a hunturun ƙasashen sanyi

A garin Umeå da ke arewacin Suwidin, hasken rana a ƙarshen Disamba bai wuce awa huɗu da ɗoriya ba. Ma'aikaci ya fita da duhu, ya dawo da duhu, ga dusar ƙanƙara, ga jiran mota a bakin titi. Rashin ganin rana na jefa wasu cikin kasala da ƙuncin zuciya har sai sun dangana da likita. Shi ya sa a shekarar 2012 kamfanin wutar garin, Umeå Energi, ya cire allunan talla daga rumfunan jiran bas kusan 30, ya maye gurbinsu da fitilu masu kwaikwayon hasken rana, irin waɗanda ake jinya da su. Fasinjoji sun yi na'am, amma direbobi suka koka cewa hasken na kashe musu ido, har aka cire wasu.

Garin bai haƙura ba. A 2019 aka buɗe wata tasha mai suna Station of Being, inda aka rataye wasu majingina na katako daga rufi. Mutum ya jingina, ya juya abinsa ya ba iska baya. Ba sai ya yi ta leƙen hanya ba: idan bas ta kusa, launin fitila da wani sauti mai taushi ne za su sanar da shi, kuma kowane layi da nasa launi da sautin. Wannan aikin ya burge ni ƙwarai, domin wanda ya tsara shi ya san zafin tsayuwar jira.

Sai dai idan ana batun fitilar da ke amsa wa mutum, Montreal ta Kanada ce uwa ma ba da mama. Birnin na da hanyoyin ƙafa na ƙarƙashin ƙasa da suka kai kilomita 32, sun haɗa tashoshin jirgi da kantuna da ofisoshi, don haka da sanyi ya kankama sai jama'a su nutse ƙasa, tituna su yi tsit. Domin a jawo su waje, a 2010 unguwar Quartier des Spectacles ta fara shirya bikin hunturu mai suna Luminothérapie, a filin da ke daf da tashar Place-des-Arts.

A hunturun 2015 aka girka Impulse a wurin: liluna 30 masu haske irin na mutum biyu, wanda ɗaya ke yin sama ɗaya na yin ƙasa. Idan babu kowa a kai, hasken ya dushe, lilon na kwance shiru. Da an hau an fara motsawa sai dogon allon ya ɗau haske fari tas, yana fitar da amo, kowane lilo da irin nasa, har filin ya cika da kiɗan da babu makaɗi. Hikimar tana nan: mutum ɗaya ba ya iya kunna shi. Wanda ya fito daga jirgi shi kaɗai, rufe da hula da safar hannu, dole ya nemi abokin hawa, ko da bai taɓa ganinsa ba. Manya masu furfura ma hawa suke yi. Daga baya lilunan sun yi yawon duniya, sun je Landan a 2018, sun sauka a titin Broadway na New York a Janairun 2020.

Shekara guda bayan Impulse aka kawo Loop, manyan zobba 13 da mutum biyu ke zama a ciki suna tura wani sanda gaba da baya, irin na tsohuwar amalanken ma'aikatan reluwe. Suna turawa wata ganga da ke jikin zoben na juyawa, fitila na ƙyaftawa, zane-zanen tatsuniya da ke jiki su fara motsi kamar majigi. Saurin hoton ya danganta da ƙarfin damtsensu, kuma kafin a ankara jiki ya yi ɗumi.

A Stockholm kuwa, kusa da tashar Telefonplan, akwai wata hasumiya ta tsohuwar masana'antar Ericsson da kowa ke iya sauya launin tagoginta da wayarsa. Ka zaɓi bene, ka gauraya ja da kore da shuɗi yadda ranka ke so, duk unguwa ta gani. Sunan aikin Colour by Numbers, an fara kunna shi a 2006.

Jamus ta bi ta wata hanyar. A tashar HafenCity Universität ta Hamburg, wadda aka buɗe a 2012, akwatunan haske 12 ne ke rataye a saman dandamali, an ƙera su da siffar kwantenar tashar jiragen ruwan birnin, suna sauya launi. Kyau kam akwai shi, amma fasinja ɗan kallo ne kawai, shi ya sa a wurina ba ta kamo ƙafar Montreal ba.

Mutanen Rjukan a Norwe su ba su tsaya kwaikwayo ba, ranar ce da kanta suka nemo. Garin na cikin kwari, duwatsu na tare masa rana kusan rabin shekara, daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Maris. Tun 1913 wanda ya kafa garin, Sam Eyde, ya goyi bayan a ɗora madubi a kan dutse, amma fasahar lokacin ba ta kai ba. Sai a 1928 kamfanin Norsk Hydro ya gina musu keken igiya mai suna Krossobanen, don ma'aikata su hau dutse su sha hantsi su sauko. Shekara 100 cif bayan waccan shawara, a Oktoban 2013, aka ƙaddamar da madubai uku masu faɗin murabba'in mita 17 kowanne. Kwamfuta ce ke juya su suna bin rana, suna jefa haskenta a dandalin tsakiyar gari, a fili mai faɗin murabba'in mita kusan 600.