Hunturu ya kama a Furfuri: Ayyukan hannu da za su raba matashi da zaman kashe wando

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas takan lulluɓe Gusau, Tsafe da Bunguɗu da hazo. A garuruwa irin su Furfuri, lokacin nan an gama yankan gero da dawa, an tsince wake, hatsi ya shiga rumbu. Ɗari na hana fita da sassafe, dare kuma ya yi tsawo. Wanda yake da fadama ya koma noman rani, wasu sun ɗauki jaka sun tafi cin rani Kano, Abuja ko Legas. Sauran fa? Da yawanmu muna cikin bargo, waya a hannu, ana ta shafa TikTok har data ta ƙare, sannan a fara neman wanda zai tura wata.

Wata uku ba wasa ba ne. Wanda ya riƙe sana'a ɗaya a cikinsu, kafin zafi ya shigo hannunsa ya faɗa. Kuma mu 'yan Zamfara mun san waya ba abin dogaro ba ce ɗari bisa ɗari. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Mako biyu aka ce, amma wasu yankunan sai da suka yi kusan wata uku babu sabis, ga kasuwannin mako-mako a rufe. Wanda duk harkarsa ke cikin waya ya ji jiki. Mai allura da zare kuwa bai daina aiki ba.

Ɗinkin hula

Wannan ita ce sarauniyar ayyukan zaune. Abin da ake buƙata kaɗan ne: ƙyallen da aka zana wa fasali, allura, da zare kala-kala. Ana bin zanen ɗinki bayan ɗinki har a cike ƙyallen, a haɗa shi da saman hular, daga nan sai wajen masu wanki su sa sitaci su ɗora ta a kan ice su buge ta ta miƙe. Hula mai cikakken aiki irin Zanna Bukar takan ci makonni, wani lokaci fiye da wata, shi ya sa take da tsada. Mai koyo ya fara da zane mai sauƙi da kala biyu.

Kada wani ya ce aikin mata ne ko na tsofaffi. Maza da mata duk suna yi, kuma dillalai kan ba da ƙyalle da zare a ɗinka musu a biya lada. Ka ga ke nan ana iya farawa ko babu jari. Shawara ɗaya: a yi ɗinkin da hantsi a inda haske yake, don hazo da fitilar waya suna gajiyar da ido.

Saƙar ulu

'Yan mata, wannan kasuwarku ce, kuma yanzu ne lokacinta. Kowace mai jego tana neman hular sanyi, safa da 'yar rigar ulu ta jariri. 'Yan makarantar allo da na boko masu fita da asuba su ma suna buƙata. Da kwarashi ɗaya da ƙullin ulu biyu za ki iya farawa. Ki fara koyon sarƙa, sannan zagaye, domin hular jariri zagaye ce kawai ake ta ƙara wa faɗi har ta kai girman kai, sai a daina ƙari a sauko da ita. In hannu ya saba, ana gama ɗaya a zama ɗaya ko biyu.

Ga inda waya take da amfani: akwai bidiyoyin koyarwa da Hausa a YouTube da TikTok. Ki sauke biyu ko uku lokacin da sabis yake da ƙarfi, ki riƙa maimaita su ba tare da kin ƙona data ba. Ki tuna kayan sanyi kasuwarsu gajera ce. Abin da ba ki sayar ba kafin ƙarshen Fabrairu, sai baɗi.

Faifai, tabarma da igiya

Bayan kaka ne bukukuwan aure suke yawaita, kuma har gobe kayan amarya ba sa cika sai da faifai. Ana tsaga kaba siri-siri, a rina wani sashe, a riƙa naɗe ta a kan dunƙulen ciyawa ana zagayawa daga tsakiya zuwa baki. Iskar hunturu tana busar da kaba ta riƙa karyewa, don haka a yayyafa mata ruwa a rufe da tsumma kafin a fara aiki. Da ita ake tabarma, mafici da malafa, sai kuma igiya da ake tufkawa da kaba ko ɓawon rama.

A nan akwai magana mai muhimmanci. Kowa ya san halin da dazukan Bunguɗu da Tsafe suke ciki. Kada son samun kaba ko gamba kyauta ya sa ka nausa daji. Rai ya fi riba. A saya a kasuwa, ko a yi amfani da abin da ke gida: zaren tsohon buhun taki da ledojin da suka cika lunguna ana yanka su a saƙa faifai, jaka da igiya masu kyau, an rage shara kuma an sami kuɗi.

Gyaran gida

Ba kowane aiki ne na sayarwa ba. Duba gidanku da kyau. Dannin da damina ta kayar yana nan a kwance, ga karan dawa jibge a bakin gona. A zaɓi masu kauri, a kafa dirkoki, a jera a ɗaure, an sami shinge ba a kashe ko sisi ba. Zana, asabari da jinkar rumbu duk yanzu ake sabunta su. Kakanninmu ba su yin gini da damina. Rani ne lokacin buga tubali da yaɓe, domin ƙasa tana bushewa ba fargabar ruwa.

Wani aikin da Inna za ta sa maka albarka a kansa shi ne murhun laka. Murhun duwatsu uku yana barin iska ta kwashe zafin wuta, itace ya ƙare da wuri. In aka kwaɓa laka da ƙaiƙayi, aka gina murhu mai ƙofa ɗaya ta sa itace, da bakin da tukunya za ta zauna daram, aka bar 'yar kafar fitar hayaƙi, zafin zai taru a gindin tukunya. Sai dai iskar wanga lokaci tana busar da laka da sauri ta tsage, don haka a rufe shi da buhu ya bushe a hankali cikin kwanaki kafin a hura wuta.

Ƙannenka kuma fa? Maimakon su yi ta rigimar a ba su waya, zauna ka koya musu motar kara da tabarau na kara. Yawancinmu da su muka taso, kuma a nan yaro yake fara koyon awo da haƙuri.

Man shafawa

Kaushi, faso da tsagewar leɓe su ne tambarin hunturu. Man kaɗe maganinsu ne tun zamanin kakanni. A sa shi a ƙaramin kwano, a ɗora kwanon cikin ruwan zafi ya narke, kada a ɗora kai tsaye a wuta. A tace, a zuba ɗan man kwakwa ko na zaitun don ya yi laushi, a juya har ya fara daskarewa, sai a zuba a ƙananan robobi masu tsabta. Kada a yarda a haɗa shi da sinadaran bilicin don a ja kasuwa, suna lalata fata.

Auduga a ƙasar auduga

Gusau ta bunƙasa ne da cinikin auduga da gyaɗa, musamman bayan layin dogo daga Zariya ya ratsa ta ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Daga baya har masaƙa babba aka yi a garin, wadda ta daɗe da daina aiki. Tun kafin masaƙar, mata a gidaje suna gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari, masaƙan gargajiya su mayar da shi gwado da luru, bargunan da ake rufa da su a irin wannan ɗari. Masu wannan ilimi sun tsufa, kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. In akwai tsohuwa a gidanku da ta iya kaɗi, ki zauna kusa da ita ki koya. In ta yarda, ki ɗauki hannuwanta a bidiyo. Wannan ya fi rawar da kowa ke kwaikwayo daraja.

Yadda za a sayar

Kafin ka sa farashi, lissafa kuɗin kaya, ka ƙara ladan kwanakin da ka yi, sannan riba. Yawancin masu farawa suna mantawa da ladan kansu, shi ya sa suke gajiya su bari. Ɗauki hoto a waje da hantsi, a kan farin ƙyalle, ka goge ƙurar kyamara tukuna. Sa a sitatus na WhatsApp da Facebook, ka faɗi farashi a fili. Masu saye na farko 'yan uwa ne da maƙwabta, daga nan sai shagunan Gusau da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke garin. In aiki na oda ne, a karɓi kafin alƙalami. Bashi shi ne yake kashe ƙaramar sana'a.

A kula da wuta

Kaba, ulu, kara da auduga duk abincin wuta ne, kuma hunturu lokacin gobara ne. Kada a ajiye su kusa da kasko ko kyandir. Kada kuma a kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe ƙofa da taga. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci ta kashe shi. A ji ɗumi, a fitar da kaskon waje, a kashe wutar kafin a kwanta.

Ba a ce ka yi duka ba. Zaɓi ɗaya, ka nemi wanda ya iya a unguwarku, ka gaishe shi da ladabi ka ce kana son koyo. Ware awa biyu kullum, ka ajiye wayar a ɗaki. Na farko zai fito a karkace, na biyu ma haka, na biyar ne za a fara tambayar ka nawa ne. Hausawa dai sun ce da zaman banza gara aikin kishiya, balle wannan aikin naka ne, kuɗin ma naka ne.