Mai Surfe Ba Ta Fara da Ƙarfi

Wanda ya tashi a cikin garin Bauchi kafin injin niƙa ya shiga kowane lungu ya san sautin da ke fitowa daga gidajen Ƙofar Wambai da hantsi. Taɓarya ce ke sauka a turmi, wannan gida ya ba da, wancan ya amsa. Yau shinkafar masa ma a bokiti ake kai ta inji, ruwa mai kura ne ke kawowa har ƙofar gida, cefanen Wunti ko Muda Lawal kuwa Keke Napep ne ya ɗauke wa ƙafa. Ba na cikin masu kewar wahala, kuma duk namijin da ke yabon zamanin daka ya fara riƙe taɓarya na rabin awa tukuna. Amma dai jikin uwa ya rasa wani abu da yake samu kyauta a da, shi ya sa yanzu idan aka auna hawan jini ko suga sai ka ji likita ya ce, "Hajiya, ki riƙa motsa jiki." Ita kuma ta dube shi ta ce, "Likita, ni da tun asuba ban zauna ba?"

Dukkansu suna da gaskiya. Shara, wanke-wanke, shirya yara makaranta, goyo da tsayuwa a bakin murhu suna cinye ƙarfin mace ƙarƙaf, sai dai ba sa ɗaga bugun zuciya su riƙe shi a sama na minti ashirin ko talatin a jere. Gajiya daban, horon zuciya daban. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi, irin gudu. Rabin awa ke nan sau biyar a mako. Daka yana biyan wannan bashi ba tare da an sani ba. Tura yaro inji ba ya biya.

To, a ce uwa ta yi niyya. Ta sayi kambas, ta fita bayan sallar asuba, ta ɗiba da gudu kamar an biyo ta. Kafin ta kai kwanar layi numfashi ya sarƙe, haƙarƙari yana suka, washegari cinya ta ƙi lanƙwasuwa ko a sujada. Kwana uku kambas ya koma ƙarƙashin gado, ta yanke hukunci cewa gudu ba na masu 'ya'ya ba ne. Alhali ita ce za ta fara yi wa amarya dariya idan ta ga ta tsaya kan turmin surfe tana ɗaga taɓarya sama da kai tana narka ta da dukkan ƙarfinta. Kowace dattijuwa ta san ƙarshen wannan: gero ya fantsama, hannu ya yi bororo, kafin dusa ta fita amarya ta zauna tana haki. Gwanar surfe kuwa a hankali take shiga. Ta yayyafa ruwa, ta samo bugun da jikinta zai iya ɗauka, ta bar nauyin taɓarya ya yi mata rabin aiki. Kana kallonta za ka ce wasa take yi, amma ita ce za ta riga kowa juye turmi.

Akwai ma'auni a wurin daka da masu horar da 'yan tsere suka zo suka tarar. Mata suna waƙa a kan turmi, suna hira, har habaici ga kishiya ana sakawa a ciki. Muddin mace na iya rera waƙa tana daka, to bugun ya yi daidai da numfashinta. Haka gudu yake. Idan kina sassarfa kuma kina iya gaya wa wadda ke gefenki nawa aka sayar da mudun wake jiya, jimla cikakkiya ba a gutsure ba, kina kan saurin da ya dace. Idan magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya, rage. Idan ragewar ta kai ki ga tafiya, yi tafiyar, babu abin kunya. Stephen Seiler, masanin motsa jiki ɗan Amurka da ke koyarwa a Norway, ya bibiyi yadda manyan 'yan tseren nesa ke atisaye, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na aikinsu a wannan sauƙin suke yin sa, kashi 20 kawai ne mai tsanani. Waɗanda gudu ne abincinsu ke nan. Ina ga uwar 'ya'ya biyar da ta yi baccin awa biyar?

Dalilin ba boyayye ba ne. Gudu a hankali na tsawon lokaci shi ke sa zuciya ta riƙa turo jini mai yawa a bugu ɗaya, shi ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, tsokar kuma ta koyi amfani da iska da kyau. Bayan wasu makonni sai mace ta ga tazarar da take ci a minti goma yanzu tana cin ta a tara, kuma hakin bai ƙaru ba. Saurin ya zo da kansa, ba a fizgo shi ba. Inda ake samun matsala shi ne zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma ƙashi da jijiyar agara da gwiwa sai sun ɗauki watanni. Sai numfashi ya ce a ƙara, ƙafa ba ta shirya ba. Hannun mai daka ma haka ne: ƙarfin damtse na zuwa da wuri, amma tafin hannu sai ya bi ta bororo kafin ya yi kanta, kuma wadda ta matsa wa bororo fashewa zai yi ya hana ta aikin mako guda.

Hutu kuma cikin aikin yake. Bayan an surfe an wanke, ai shanyawa ake yi. Wadda ta yi gaggawar mayar da jiƙaƙƙen hatsi turmi ba gari za ta samu ba, dunƙule zai yi ya manne a rariya. Kwanan da ba a fita gudu ba shi ne shanya, a ranar ne jiki ke gyara abin da aka motsa. Fita uku a mako da kwana ɗaya a tsakani ya ishi mai farawa. Tsarin nan da wani Ba'amurke, Josh Clark, ya ƙirƙiro a 1996, wanda hukumar lafiya ta Ingila ta ɗauka tana koya wa jama'a, a kan haka aka gina shi: mako tara, sau uku a mako, ana farawa da gudun minti ɗaya da tafiyar minti ɗaya da rabi ana maimaitawa, har a kai ga gudun rabin awa ba tsayawa. Abin da ya burge ni, saboda mahaifiyarsa ya tsara shi.

Sai mace ta yi wata biyu ko uku a haka sannan maganar ƙara sauri ta taso. Nan ma turmi ya riga mu. A lugude, idan mata biyu ko uku suka haɗu a turmi ɗaya, akwai inda bugu ke ɗaukar zafi, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe, sannan a koma bugun da aka saba. Ba a wuni ana cillawa. Sau ɗaya a mako, a tsakiyar gudun sauƙi, ki ɗaga ƙafa na daƙiƙa ashirin ko talatin, ki koma tafiya har numfashi ya dawo, ki maimaita sau huɗu zuwa shida. Kada ki buɗe taku da faɗi don neman sauri. Gajeren taku mai yawa, ƙafa na sauka ƙarƙashin jiki, ya fi sauƙi ga gwiwa, kamar yadda gwana ba ta kai taɓarya rufin ɗaki.

Buri fa? Ba a zuba hatsi a turmi ba awo. Mai mudu biyu ta san mudu biyu za ta daka, shi ya sa ba ta karaya a tsakiya. Kilomita 5 awo ne mai kyau ga mai farawa: zagaye goma sha biyu da rabi ne a hanyar tsere mai mita 400, irin wadda ke kewaye filin ƙwallo. Wadda ke cin kilomita a minti tara za ta gama a minti 45. Idan ta sauko zuwa takwas, minti 40 ke nan, kuma wannan ragin na minti biyar nasara ce da ta isa a soya kaza. Mai neman abin da ya fi haka ba sai ta hango gudun fanfalaki na Legas mai kilomita 42 ba, wanda ake yi tun 2016. Ganuwar da Malam Yakubu ya kewaye garin nan da ita bayan ya kafa shi a 1809 ta kai kimanin kilomita 10. Wato wadda ta iya kilomita 10 ta yi daidai da wadda ta tashi daga Ƙofar Wambai ta bi ta sauran ƙofofin gari ta dawo inda ta fara. A ganina ma akwai burin da ya fi waɗannan kusa da zuciyar iyayenmu mata, wato aikin Hajji. Safa da Marwa sau bakwai ya kai kimanin kilomita 3, ga ɗawafi, ga zirga-zirgar jifa a Mina cikin rana da cunkoso. Da yawa suna shekaru suna tara kuɗin kujera, ba a tara ƙafa ba. Kuma wannan sa'ayi, in an tuna, sawun uwa ake bi, Nana Hajara da ke nemar wa jaririnta ruwa.

Mai jego kuwa nata hukuncin daban, a nan ba na wasa. Fita daga arba'in ba izinin gudu ba ne. Wasu masana gashin ƙashi a Birtaniya sun fitar da jagora a 2019 da ke cewa a jira aƙalla mako 12 bayan haihuwa kafin a fara gudu, domin tsokar ƙasan mara da ta ɗauki ciki wata tara tana bukatar lokaci. Tafiya dai ana iya fara ta da wuri. Idan fitsari na ɗiga yayin gudu ko tari, ko ana jin nauyi a ƙasan mara, ba abin ɓoyewa ba ne, a koma tafiya a ga ma'aikaciyar lafiya. Wadda aka yi wa tiyata ta jira abin da likitanta ya ce. Akwai kuma ciwon zuciyar bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, inda suka alaƙanta yawansa a ƙasar Hausa da wankan jego mai zafi da yawan kanwa a kunu. Mai jegon da ke haki a kwance, ko ƙafafunta suka kumbura, asibiti za ta nufa, ba fili ba. Ƙarancin jini ma na sa haki, kuma ba atisaye ke maganinsa ba.

Ba don a tsorata kowa na faɗi haka ba. Faith Kipyegon ta Kenya ta ci zinare a tseren mita 1,500 a Rio a 2016, ta haihu a 2018, ba ta koma gasa ba sai bayan kusan shekara guda. Bayan nan ta sake cin zinare a Tokyo da Paris, ta kuma kafa tarihin duniya a wannan tazara tana uwa. Gudu sana'arta ce, tana da koci da masu kula da ita, amma ko ita sai da ta shanya.

Saura bakin mutane, wanda ya fi ciwon gwiwa hana mata fita. Mace ta sa hijabi tana sassarfa a bakin titi, sai mai shayi ya leƙo: "Hajiya, lafiya? Me ya koro ki?" Malamai dai sun san hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Sutura ba ta hana: dogon wando, riga mai yalwa, hijabi marar nauyi da ba ya harɗe ƙafa. Maigidan da ke biyan kuɗin maganin hawan jini kowane wata, idan aka zauna aka yi masa lissafi da lalama, sau da yawa shi zai rako. Inda fita ta gagara, tsakar gida mai faɗi na karɓar tafiya da sauri da tsallen igiya, ko da yake zagaye rijiya sau ɗari yana gundura.

Shi ya sa na fi yarda da lugude. Mace ɗaya da ta fita da duku-duku abin kallo ce. Mata huɗu daga layi ɗaya sun zama al'ada kafin wata ya ƙare. Ɗaya ta tsaya da ƙananan yara yau, gobe a canza. Wadda ta so yin lalaci za ta ji ana ƙwanƙwasa mata ƙofa, "Yaya, fito mana, gari na wayewa." Kuma mai saurin cikinsu dole ta bi bugun sauran, wanda alheri ne gare ta ko ba ta sani ba.

Lokaci kuwa yanayin Bauchi ne ke tsara shi. A Maris da Afrilu, da rana ta ɗaga an makara, sai dai tsakanin asuba da shirin makaranta, kuma a sha ruwa kafin a fita, balle mai shayarwa. Da hunturu, ranar da hazo ya yi kauri mai asma ta zauna a gida. A watan Agusta lungu na caɓewa, sai a nemi kwalta ko filin makaranta mafi kusa. Da azumi a ajiye maganar ƙara sauri gaba ɗaya, a riƙe tafiyar minti ashirin bayan an sha ruwa, tafiya masallacin tarawihi ma tana cikin lissafi. Bayan Sallah kada a ɗora daga inda aka tsaya. A koma baya da mako biyu a sake hawa.