Gashin nama a oben: Abin da ke sa ƙaramin yanka bushewa da yadda za a kauce masa

Hausawa sun ce mai nama shi kan nemi wuta. Sai dai a wannan zamani na tsadar rayuwa, naman da ke shiga gidaje da dama bai cika wuce rabin kilo ba. A garuruwan Jega da Aliero da Maiyama, da ƙauyuka irin su Sarandosa a Jihar Kebbi, magidanci kan tsaya gaban teburin rundawa ya sayi kashi ɗaya ko biyu, gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Ranar da uwargida ta so a sauya baki daga miya zuwa gashi, sau da yawa ɗayan abu biyu ne ke faruwa: ko naman ya bushe ya yi tauri kamar ƙirgi, ko bayansa ya ƙone alhali cikinsa na tsatsar jini. Na farko asarar kuɗi ne, na biyu kuwa yana iya kai mutum gadon asibiti.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, gasa rabin kilo ya fi gasa cinyar rago sukutum wahala. Dalilin hakan yana cikin yadda zafi ke ratsa nama.

Abin da wuta ke yi wa tsoka

Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen jan nama ruwa ne, wanda ke riƙe a cikin zare-zaren tsoka. Da zarar zafin cikin nama ya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, sai zaren da tantanin da ke naɗe da su su fara tsukewa, suna matso ruwan waje kamar yadda ake matse wanki. Idan zafin ya kai digiri 75 ya ci gaba da hawa, tsokar da ba ta da kitse ta riga ta zubar da ruwa mai yawa, kuma babu romon da zai mayar mata da shi.

Zafi daga waje yake kutsawa zuwa tsakiya, saboda haka kaurin nama ne ke yanke tsawon lokacin gashi. A lissafin masana, idan kauri ya ninka sau biyu, lokacin da zafi zai ɗauka kafin ya kai tsakiya kan ninka kusan sau huɗu. Ke nan rabin kilo da aka shimfiɗe ya yi kaurin yatsu biyu, da rabin kilo da yake dunƙule kamar curin fura, ba za su nuna lokaci ɗaya ba. Wannan ne ya sa ƙa'idar nan ta minti kaza ga kowane kilo ke yaudarar mai ƙaramin yanka. Babbar cinya tana ɗaukar zafi a hankali, ko an makara kaɗan ba ta ɓaci ba. Ƙaramin yanka kuwa, 'yan mintoci ne tsakanin nunarsa da bushewarsa.

Ba kowane nama ne ɗaya ba

Yawancin bayanan gashin oben da ke yawo a YouTube da Facebook an tsara su ne a Turai da Amurka. Da dama daga cikinsu a kan naman alade suke magana, wanda Musulunci ya haramta, wasu kuma a kan shanun da aka ciyar da hatsi aka yanka suna wajen shekara biyu, sannan aka ajiye naman a ɗakin sanyi na mako ɗaya ko fiye domin ya yi laushi. Wanda ya ɗauko lokacin gashin irin wannan nama ya ɗora a kan naman kasuwar Jega, ya auna riga ne a jikin wani.

Jega ta yi suna a kasuwanci tun ƙarni na 19, kuma dabbobin da ake yankawa a yankin irin na gida ne: shanun Bokolo da Rahaji, tumakin Uda da Balami, da jar akuyar Sakkwato. Idan aka cire ragunan da ake yi wa kiwon turke domin layya, galibinsu dabbobin yawon kiwo ne da suka sha tafiya, ga shekaru. Namansu ya fi ɗanɗano, amma kitsensa kaɗan ne, jijiyarsa da yawa. Bugu da ƙari, naman da aka yanka da safe a ranar ake sayar da shi. Sa'o'i kaɗan bayan yanka tsoka kan sandare, don haka wanda ya gasa da rana ya gasa ne a daidai lokacin da naman ya fi tauri. Inda akwai firji mai tsayayyen sanyi, barin naman ya kwana ɗaya ko biyu a rufe yana sassauta shi sosai.

Sai kuma zaɓen yanka. Gaɓoɓin da dabba ba ta cika aiki da su ba, kamar gadon baya da tsokar da ke kwance ƙarƙashin ƙashin baya ta ciki, su ne masu laushi, su ake yi wa gajeren gashi a buɗe. Karfata da wuya da ƙirji da ƙwauri kuwa cike suke da jijiya, kuma jijiya ba ta narkewa sai ta daɗe a zafin da ya haura digiri 70 tare da danshi. Idan ta narke ita ce ke zama romon nan mai yauƙi da ke kama leɓe. Tozo ma, duk da kitsensa, dogon gashi yake so. Zai fi kyau a faɗa wa mahauci abin da za a yi da naman, a kuma roƙe shi ya bar shi dunƙule guda mai kaurin yatsu uku zuwa huɗu, da ɗan kitse a bayansa.

Shiri kafin wuta

Gishiri shi ne na farko. Ƙaramin cokalin shayi guda, wato wajen giram 5, ya isa rabin kilo. Idan aka shafa shi awa ɗaya kafin gashi, ko aka bar naman ya kwana da shi a firji, yakan jawo ruwa waje da farko, daga baya ruwan ya koma ciki da gishirin, ya taimaka wa tsoka ta riƙe danshinta. Ɗanyar citta da aka daka tana da sinadarin da ke sassauta zaren nama, haka ma ɗanyar gwanda da ganyenta, sai dai ita gwanda idan ta daɗe a jiki tana mayar da bayan nama tuɓus. Tafarnuwa da masoro da kimba da kanumfari ƙamshi suke ƙarawa. Ɗabi'ar nan ta jefa ƙwayar farasitamol domin nama ya yi laushi kuwa, jami'an lafiya a Najeriya sun sha gargaɗi a kanta saboda illarta ga hanta da ƙoda.

Idan an wanke nama, wajibi ne a tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe. A shekarar 1912 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana haɗuwar da ke faruwa tsakanin sinadaran furotin da sukari idan sun sha zafi, wadda ita ce ke ba gasasshen nama jan launi da ƙamshin da ke jawo mutum zuwa tukuba. Wannan haɗuwa ba ta kankama sai zafin bayan nama ya kai wajen digiri 140, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Muddin bayan nama na jiƙe, turara yake yi, kuma kafin ya bushe ya yi ja cikinsa ya riga ya wuce nuna.

Yajin ƙuli-ƙuli na tsire gari ne mai mai, yana saurin ƙonewa ya yi ɗaci. A ajiye shi sai mintoci goma na ƙarshe, ko bayan an sauke.

Wuta kashi biyu

Ga yanka mai laushi, hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba aikin biyu. Da farko a ɗora kasko ya yi zafi sosai, a zuba man gyaɗa cokali ɗaya, a soya kowane gefe na naman minti biyu har ya yi ja. Sannan a mayar da shi oben da aka riga aka kunna minti goma sha biyar, a zafin digiri 160. A oben ɗin gas mai lambobi irin na Ingila wannan shi ne lamba 3. Wanda ke bin bayanin Amurkawa kuma ya lura cewa su da ma'aunin Farinhait suke aiki: 325 nasu shi ne wajen 160, 350 kuma wajen 180.

A nan ne albasar Aliero, garin da ya shahara a duk faɗin Najeriya wajen nomanta, take da babban amfani. A yanka manya biyu da kauri a shimfiɗa a ƙasan farantin gashi, a ɗora naman a kai, ɓangaren kitse yana sama. Albasa kusan kashi tara cikin goma nata ruwa ne, don haka tana kare ƙasan naman daga zafin ƙarfe, tana tare ruwan da ke ɗiga kada ya ƙone, daga ƙarshe ita kanta ta zama miyar ci. Farantin ya zama daidai girman naman, domin a babban faranti ruwan bazuwa yake yi ya ƙafe. Rabin kilo mai kaurin yatsu uku yakan buƙaci minti 30 zuwa 45, amma a fara dubawa tun daga minti 25.

Yanka mai jijiya kuma, bayan an soya bayansa, sai a ƙara rabin kofin ruwa a kan albasar, a rufe ruf da murfi ko takardar aluminiyam, a rage wuta zuwa digiri 150, a bar shi awa biyu zuwa uku har cokali mai yatsu ya shige ba gardama. Mai haƙuri, in ji masu iya magana, shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. A mintoci goma na ƙarshe a buɗe, a ƙara wuta domin bayansa ya sake ƙamewa.

Gidajen da ba su da oben, ko suke fama da rashin wutar lantarki da tsadar gas, suna iya amfani da dabarar da mata suka daɗe suna gasa kek da ita. A zuba yashi mai tsabta ko tsakuwa a gindin tukunya mai kauri, a rufe a ɗora kan garwashi ta yi zafi, a sa farantin naman a kan yashin, a ɗora 'yan garwashi a kan murfi domin zafi ya zo ta sama da ƙasa. Yawan buɗewa yana fitar da zafi ya tsawaita gashi. Kada kuma a hura gawayi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari amma tana kisa.

Yaushe nama ya nuna?

Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ƙayyade digiri 63 a tsakiyar dunƙulen naman sa ko na rago tare da hutun minti uku, digiri 71 ga niƙaƙƙen nama, digiri 74 ga kaza. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa digiri 70 ta ba da shawara. Ga naman da ya yini a kan tebur cikin rana da ƙuda, ya sha taɓawa da sukar wuƙa, shawarar hukumar ce ta fi dacewa, musamman idan akwai yara ko tsofaffi ko mai juna biyu a cikin masu ci. Naman sa da bai nuna ba yana iya ɗauke da ƙwayar tsila, baya ga ƙwayoyin cutar da ke kawo amai da gudawa. A rahotonta na 2015, hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 91 ne ke kamuwa da cutukan gurɓataccen abinci duk shekara a yankin Afirka, 137,000 kuma suna mutuwa.

Ke nan tazarar da mai gashi yake da ita ƙarama ce: daga digiri 70 da ke tabbatar da lafiya zuwa wajen 75 inda bushewa ke tsananta. Abin da ke taimakawa shi ne zafi yana ci gaba da shiga tsakiya ko bayan an sauke, yakan ƙaru da digiri uku zuwa biyar. Mai ma'aunin zafin nama sai ya sauke a digiri 66 ko 67, ya lulluɓe sama-sama ya bar shi minti goma ya ƙarasa da kansa. Wanda ba shi da ma'auni sai ya soka siririyar wuƙa a wuri mafi kauri ya duba ruwan da zai fito. Idan ja ne ko ruwan hoda, da saura. Idan ya fito garau, ya isa. Wurin yanka kuma a gitta wa zaren tsoka, a yi sirara, hakan na rage wahalar tauna.

Tsabta ba ta ƙarewa da sauke nama. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa tumatir da albasar da za a ci ɗanye sai an wanke su da sabulu. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye a fili ba, a bazarar Kebbi kuwa, da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, awa ɗaya ma ta isa.

Duk wanda ya tsaya ya kalli masu balangu da yamma a Jega zai ga cewa wannan ilimi ba baƙo ba ne. Suna fara gashi a inda wuta ta fi ƙarfi, su janye naman gefe ya ƙarasa a hankali, su shafa mai, su naɗe shi ya turara, ba sa kuma yanka wa mai saye sai ya ɗan huta. Oben ya sauƙaƙa wannan aiki ne ta hanyar tsayar da zafi wuri ɗaya. Sanin yankan da ke hannu da lokacin da za a sauke shi kuwa, har yanzu yana wuyan mai gashi.