Niƙa ko Kirɓi? Koyar da Darasin Garin Ƙarfe Mai Gami da Hausa a Jalingo

1.0 Gabatarwa

Jalingo, wadda ta zama babban birnin Jihar Taraba a shekarar 1991, gari ne da ya tara Mumuye da Kona da Fulani da Hausawa da sauran al'ummomi, kuma Hausa ce kan haɗa su a kasuwa. Saboda haka malamin fasaha yakan koma ga Hausa idan bayani ya cije a aji. A nan mun ɗauki darasi guda, wato yadda yanayin niƙa ke sauya ƙirar garin ƙarfe mai gami, domin mu nuna cewa kalmar da malami ya zaɓa tana iya gyara fahimtar ɗalibi ko ta ɓata ta.

2.0 Abin da ke Faruwa Yayin Niƙa

Garin ƙarfe mai gami shi ne garin ƙarfe mai laushi, kamar alminiyom ko tagulla, wanda aka cusa wa ƙwayoyin wani abu mai tauri, kamar alumina. John Benjamin na kamfanin INCO a Amurka ne ya fito da wannan dabara wajen shekarar 1966, ya wallafa ta a 1970, da nufin samar da ƙarfen nikel mai jure zafin injin jirgin sama.

Ana zuba garin ne a tukunyar ƙarfe mai murfi tare da ƙwallayen ƙarfe, inji ya riƙa juya ta. Duk lokacin da ƙwallo biyu suka yi karo, sai su matse ɗan garin da ke tsakaninsu. Da farko ƙwayoyin kan baje su zama fale-fale, sa'an nan su manne da juna ba tare da wuta ba, su yi hawa-hawa. A wannan mataki ƙwayoyin ƙara girma suke yi. Da duka ya yi yawa sai ƙarfen ya taurare ya soma karyewa. Daga ƙarshe mannewa da karyewa kan yi kunnen doki, girman ƙwaya ya tsaya, abin mai tauri kuma ya bazu daidai a cikinta.

3.0 Sharuɗɗan da ke Sauya Ƙirar Gari

(a) Lokaci: gajeren niƙa yakan bar hawa-hawa masu kauri. Dogon niƙa yakan sirantar da su, amma ƙwallayen kan goge su gurɓata garin.

(b) Nauyin ƙwallaye: an fi amfani da kashi 10 na ƙwallaye ga kashi 1 na gari. Ƙarin ƙwallaye na gaggauta aiki, yana kuma ƙara zafi.

(c) Gudu: idan ya wuce ƙima, ƙwallayen kan lafe a jikin tukunya su daina faɗowa, duka ya ragu.

(d) Mahanin mannewa: akan sa ɗan sinadarin sitiyarik, irin wanda ke cikin kitse da man kaɗanya, don kada garin ya dunƙule.

(e) Iska: akan cika tukunyar da iskar argon, domin iskar da muke shaƙa kan ci sabuwar fuskar ƙarfe.

4.0 Matsalar Kalma

A kunnen ɗalibi, niƙa na nufin mayar da babba ƙarami, kamar yadda yake gani a injin niƙa na Sabon Gari ko Mayo Gwoi. Idan malami ya tsaya a kan wannan kalma kaɗai, ɗalibin zai kasa gane dalilin da ƙwayoyi ke girma a farkon aiki. Alhali kuwa Hausa ta riga ta bambance. Dakan gero rugurguza shi yake yi, kirɓin fura kuwa haɗe ta yake yi ta zama dunƙule. Muna ganin ya dace a kira matakin farko kirɓi, na biyu daka, a bar niƙa ta zama sunan aikin baki ɗaya. Haka nan garin da ake barbaɗa wa fura don kada ta manne ya isa misalin mahanin mannewa.

5.0 Shawarwari ga Masu Tsara Manhaja

Na farko, a sa ziyarar maƙera cikin darasin. A bubbuga wayar tagulla a kan uwar maƙera ba tare da an gasa ta ba, ɗalibai su ga yadda take bajewa, ta taurare, ta tsage.

Na biyu, a niƙa masara kashi biyu, ɗaya da injin a sake, ɗaya a ɗaure tamau. A naɗe maganaɗisu a takarda a ratsa kowane gari da shi, a gwama burbushin ƙarfen da ya kama. Wannan zai nuna cewa abin niƙa ma yana shiga cikin abin da aka niƙa.

Na uku, kafin a shigar da waɗannan kalmomi littafin malami, a gwada su a azuzuwan da yawancin ɗalibai ba da Hausa suka tashi a gida ba, a tabbatar sun san kirɓi kamar yadda suka san niƙa.