TATSUNIYA BA ƘARYA CE KAWAI BA

Wani dare a Agege aka ɗauke wuta, talabijin ta yi shiru. Wata tsohuwa da ta zo ganin jikokinta ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Shiru. Ko ɗaya daga cikin yaran bai san yadda ake amsawa ba.

Jama'a, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Wasu na cewa ai tatsuniya ƙarya ce, aikin tsofaffi da yara. Gaskiya ne, ita da kanta ba ta ɓoye hakan, domin takan rufe da cewa ba don Gizo ba da an yi ƙarya. Amma ku dubi aikin da take yi wa idon yaro.

Yaron da ya ji labarin Ta-Kitse, yarinyar da aka yi da kitse, wadda ke narkewa in ta shiga rana, gobe zai dubi rana da wani ido dabam. Wanda ya bi yarinyar nan zuwa Ruwan Bagaja, ya ji kare da cinya suna magana, ba zai wuce rafi bai tsaya ya duba ba. Mu manya mun saba da wata da ruwan sama da tururuwa har mun daina ganinsu. Tatsuniya takan juya duniya baibai na ɗan lokaci, in an dawo sai a tarar ashe ita ma ta gasken abin mamaki ce. Daga mamaki tambaya ke fitowa, mai tambaya kuwa ba ya ɓata.

Alhamdu lillahi, an adana da yawa. Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai 3 daga 1911 zuwa 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fito da "Tatsuniyoyi da Wasanni" don 'yan makaranta. Sai dai takarda ba ta iya tsamin bakin Gizo, ba ta rera waƙar da ke cikin labari.

Saboda haka, iyayen da ke zaune a Kurmi, ku dubi maƙwabtanku Yarabawa da labarun kunkurunsu, Ijapa. Ku ma ku tara yaranku bayan isha'i, ku ba su Gizo da Ƙoƙi. Abin da babba bai faɗa ba, yaro ba zai gada ba.

Ƙurunƙus!