Shiro Meda, Kasuwar Masaƙan Habasha

A arewacin Addis Ababa, a gindin tsaunin Entoto, akwai kasuwar da fari ya mamaye ta. Sunanta Shiro Meda. Rumfa na bin rumfa, kowacce an rataye mata mayafai da riguna na auduga tun daga ƙofa har rufi, masu kaya suna kira, mata suna ɗaga yadi suna duba shi a hasken rana kafin su taya.

Da yawa daga cikin masaƙan 'yan ƙabilar Dorze ne, waɗanda asalinsu tsaunukan Gamo ne a kudancin ƙasar. Mata ke kaɗi, maza ke saƙa. Masaƙi yakan zauna ƙafafunsa cikin rami, yana taka, yana jefa ƙoshiya. Farin tsakiya ba ya cin lokaci. Aikin yana bakin yadin, wanda suke kira tibeb. A nan sai ya bi zare ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa, yana cusa ja da kore da ruwan zinariya, har gicciye ya fito.

Gicciyen Habasha kuwa ba sanda biyu ba ne kawai. Layukansa suna sarƙewa, su shiga juna su fita, har ido ya rasa mafari, kuma masu bi suna ganin rai madawwami a wannan sarƙiyar. Da irin wannan mayafi, netela, ake shiga majami'ar Orthodox, a yafa shi gefe bisa gefe yadda zai yi siffar gicciye a ƙirji. Firistoci ma fari suke naɗawa. Saboda haka kasuwar takan cika maƙil gabanin bikin Meskel a watan Satumba da na Timket a watan Janairu, lokacin da ake fito da tabot, wato kwatankwacin akwatin alkawari, daga bagade, a lulluɓe da ƙyalle mai ado, a bisa kan firist.

Abin da ke damuna shi ne yadin inji da ake shigowa da shi daga waje, an buga masa zanen tibeb, ana sayarwa da araha. Daga nesa sai ka rantse saƙa ce. Juya bayan yadin: na hannu zarensa ya ratsa har baya, na bugu kuwa fenti ne a fuska ɗaya.

Idan Allah ya kai ka Shiro Meda, ka nemi na hannu. Ka yi ciniki, amma kada ka karya wa masaƙi farashi.